Rauta a Gida da Rauta a Hanya: Ajiye Saiti da Sauya Shi a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Ƙasar Daura ƙasar bakin iyaka ce. Ƙananan hukumomi biyar ne a ƙarƙashin masarautar, watau Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, kuma ukun na ƙarshe kafaɗa da kafaɗa suke da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya tashi daga ƙofar fada da hantsi, in hanya na buɗe, zai ƙetare ta Kwangwalam ya isa Matamaye kafin azahar, ya kwana a Damagaram in ya ga dama. Wani kuwa Katsina zai nufa ta Mashi, tafiyar kimanin kilomita 80, wani Kano ta Kazaure da Ɗambatta. Fatauci da zumunci da neman ilmi sun daɗe da mayar da Badauri matafiyi. Abin da ya sauya shi ne guzuri, domin a yau ban da buta da darduma, cikin jakar ɗalibi ko ɗan kasuwa akan tarar da wata 'yar na'ura mai girman sabulun wanka, wadda take ba wayarsa da kwamfutarsa intanet.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake ajiye saitin irin wannan na'ura, da yadda ake sauya shi tsakanin zaman gida da halin tafiya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne na'urar ba ta san inda take ba. Umurnin da aka ba ta a tsakar gida a Daura shi za ta bi a masauki a Kano ko a kasuwar Magarya, alhali kuwa abin da yake daidai a wuri na farko yana iya zama asarar kuɗi ko tonon asiri a wuri na biyu.

Sunayen Abubuwa

Kafin a yi nisa ya kamata a tsaya a kan kalmomi, domin galibinsu baƙi ne da ba su daɗe da sauka cikin Hausa ba. Rauta ita ce na'urar da take karɓo intanet daga wuri guda, ta raba shi ga wayoyi da kwamfutocin da suke kewaye da ita. Wasu marubuta sukan ce na'urar raba intanet, amma a bakin masu sayar da ita da masu gyaran waya rauta ake ji. Kamar yadda Hausa takan yi wa mafi yawan sunayen da suka ƙare da wasalin a, ta ba ta jinsin tamata, shi ya sa ake cewa rautar nan ta yi zafi. Waifai shi ne zangon rediyo mai gajeren nisa wanda rauta take magana da wayoyi ta kansa. An tsara ƙa'idarsa ta farko a 1997, aka raɗa masa suna a 1999. Saiti kuwa tsohon aro ne, tun zamanin akwatin rediyo da agogon bango ake cewa a saita. Layi shi ne ɗan katin kamfanin sadarwa, sabis kuma shi ne ƙarfin da yake samu daga ƙarafan da kamfanin ya kakkafa.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001, kuma a Daura, kamar mafi yawan garuruwan Arewa, ta ƙarafan sabis intanet yake isa ga jama'a. Saboda haka rautar da aka fi sani a nan mai cin layi ce. Akwai babba ta gida wadda ake jonawa da wuta, akwai ƙarama mai batir wadda ake kira MiFi. Akwai kuma iri na uku wanda ba kowa ya san shi ba, watau rautar tafiya, wadda take iya kamo waifan wani wuri ta sake raba shi da sunanta.

Fuskokin Rauta

Zai taimaka wa mai karatu ya ɗauki rauta kamar zauren gida. Zaure ƙofa biyu gare shi, ɗaya tana duban titi, ɗaya tana duban cikin gida, haka ita ma rauta. A fuskar waje ake gaya mata inda za ta samo intanet: wane kamfani za ta kama, da wane sunan mashiga za ta yi sallama, ko an yarda ta kama sabis ɗin wata ƙasa. Sunan mashigar nan shi ake rubutawa APN a shafin na'urar. Na MTN a Nijeriya shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuwa gloflat. A fuskar ciki ake gaya mata sunan da za ta bayyana da shi a wayoyin mutane, da kalmar sirrin shiga, da tashar rediyon da za ta zauna a kai, da lambobin adireshi da za ta rarraba wa kowace na'ura.

Sa'an nan akwai mabuɗin zauren kansa, wanda mutane da yawa suke rikita shi da kalmar sirrin waifai. Kalmar sirrin waifai tana ba mutum damar shiga intanet ne kawai. Mabuɗin mai gida kuwa shi yake buɗe shafin da ake sauya kome da kome. Ana isa shafin ne ta rubuta wata lamba a manhajar binciken intanet, galibi 192.168.8.1 a na'urorin Huawei, ko 192.168.0.1 a na ZTE da yawancin na TP-Link, kuma akan buga lambar a ƙarƙashin na'urar ko a bayan batirinta. Rautoci masu yawa sun fito daga masana'anta da kalmar admin a matsayin suna da mabuɗi baki ɗaya, kuma da yawa haka suke tsufa. Barin mabuɗin masana'anta shi ya ba wata muguwar manhaja mai suna Mirai damar mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a 2016, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuna a Amurka.

Duk waɗannan umurnai suna zaune ne a wata ƙaramar ma'ajiya cikin rautar wadda ɗaukewar wuta ba ta shafe ta. Amma a mafi yawan na'urori gurbi ɗaya ne tak. In aka sauya abu a hanya, an rubuta sabo ke nan a kan tsoho, kuma tsohon ya tafi.

Saitin Gida

Saitin gida ba a rana ɗaya ake gina shi ba, shi ya sa rasa shi yake da ciwo. A ɗauki misalin mai shagon buga takardu da yake hulɗa da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura. Wata rana firintarsa ta ƙi amsa wa kwamfuta, mai gyara ya zo ya keɓe mata adireshi na dindindin a cikin rauta. Bayan wata biyu maƙwabcinsa ya sayi tasa rautar, intanet ya fara jan ƙafa, aka mayar da tasa wata tasha. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11, don haka zaɓen tasha ba abin wasa ba ne a layin shaguna. Can kuma ya lura yaran unguwa sun sami kalmar sirri, aka sauya ta, aka kuma rubuta jerin wayoyin da aka yarda su shiga. Bayan shekara guda babu wanda zai iya tuna duk abin da aka taɓa, har shi mai gyaran.

A gidan zama ma haka abin yake. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye waifai, rufin kwano yana mayar da shi baya, kuma zangon gigahaz 5, ko da yake ya fi sauri, ba ya ratsa gini kamar na 2.4. Mai gida yakan sha gwaji kafin ya gane zangon da zai kai ɗakin uwargida daga turaka. Wani yakan sa matatar da take hana yara buɗe shafunan banza, wani ya yanke wa kowace waya iyakar abin da za ta ci.

Akwai wani abu a nan da ya shafi ɗalibin Hausa musamman. Ƙa'idar tsaro ta WPA2, wadda ta fito a 2004, kuma ita ce aka fi amfani da ita, tana son kalmar sirri mai tsawon harafi 8 zuwa 63, daga cikin haruffa da lambobi da alamomin da suke kan allon rubutun Ingilishi. Haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikinsu. Wata rautar za ta ƙi karɓarsu, wata za ta karɓa amma wata wayar ta kasa shiga. Kishin daidaitacciyar Hausa abu ne mai kyau, amma a wannan gurbi gara a zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya, a jera huɗu ko biyar waɗanda ba su da dangantaka da juna. Sunan ɗa da shekarar haihuwa da lambar waya su ne abin da maƙwabci zai fara gwadawa.

Gida a Bakin Iyaka

Ga mazauna ƙauyukan iyaka akwai ƙarin wani saiti wanda mutumin Kano bai san da shi ba. Iyakar da ta raba ƙasar Daura da Damagaram Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta, kuma ayarin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho ne ya bi ya kakkafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Zangon rediyo bai san da waɗannan alamomi ba. A fili marar tsaunuka ƙarfen sabis yana jefa muryarsa kilomitoci masu yawa, saboda haka mutum yana zaune a gidansa a kusa da Kwangwalam ko Babban Mutum, na'urarsa tana jin ƙarafan ƙasashe biyu.

Kowane ƙarfe yana shelanta lambar ƙasarsa da ta kamfaninsa. Ta Nijeriya 621 ce, ta Nijar 614. Muddin rauta tana jin kamfanin layinta, a kansa za ta zauna. Amma in ƙarfen gida ya yi shiru, ko don man janareta ya ƙare ko don wata matsala, rautar da aka bar wa zaɓi a hannunta za ta nemi wani, kuma in kamfaninta yana da yarjejeniya da wani na ƙetare, sai ta kama shi. Wannan shi ake kira romin, watau baƙuntar da layi yake yi a kan ƙarafan wata ƙasa. Datar da mutum ya saya ta wata-wata galibi ba ta aiki a can, daga kuɗin katinsa za a riƙa cira, a kan farashin baƙo. Waya aƙalla takan nuna alama a fuskarta, mai ita ya gani. Rauta kuwa tana can kan kabad ba mai duba ta.

Maganin abin biyu ne, kuma duk a fuskar waje suke. A kashe romin, sa'an nan a ɗauke wa rautar zaɓen kamfani a zaɓa mata da hannu. To, amma wannan saiti da yake kare mai gida shi ne kuma yake ɗaure matafiyi, domin rautar da aka kulle a kan kamfani guda, in aka sa mata wani layi, tana iya zama tana neman abin da babu. Mai ita sai ya ɗauka layin ne ba shi da kyau, ko na'urar ta mutu.

Saitin Tafiya

Tafiya iri-iri ce. Mafi sauƙi ita ce ta cikin ƙasa, inda abin da yakan sauya bai wuce layi ba, domin kamfanin da yake da ƙarfi a Daura ba lalle ne ya yi ƙarfi a ƙauyen da aka je biki ba. Yawancin rautocin zamani suna gane sunan mashiga da kansu da zarar an sa layi, in an bar su a kan zaɓen kai. Waɗanda ba sa ganewa suna da wurin rubuta mashigai da yawa, kowace da sunanta, a zaɓi wadda ake so. Wannan shi ne ɓangare guda na saiti da kusan kowace MiFi take yarda a ajiye fiye da ɗaya, kuma ya kamata a cika shi tun a gida. Sai dai duk wannan ba zai yi amfani ba in rautar kullalliya ce, watau kamfanin da ya sayar da ita da rahusa ya hana ta karɓar layin kowa sai nasa. Abin tambaya ne tun ranar saye.

Ƙetare iyaka ya fi wannan nauyi. MTN da Glo ba su da reshe a Nijar. Airtel yana ƙasashen biyu, amma kowane da lasisinsa, don haka layin Airtel na Nijeriya baƙo ne a Damagaram. Ban da shi akwai Moov, akwai Niger Telecoms na gwamnati, akwai Zamani wanda ya gaji harkar kamfanin Orange a 2019. Ƙungiyar ECOWAS ta zartar da ƙa'idar sassauta kuɗin romin tsakanin ƙasashenta a watan Disamba na 2017, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, saboda haka matafiyi ba zai dogara da wannan ƙa'ida ba. Ga wanda zai kwana biyu a can, sayen layin ƙasar da yi masa rijista shi ne hanya, a sa shi a rauta, a bar layin gida a waya don kira. Kada kuma a manta da kan caja. Soket ɗin Nijeriya irin na Ingila ne mai ƙafa uku masu kusurwa, na Nijar kuwa galibi irin na Faransa ne mai zagayayyun ramuka.

Iri na uku shi ne sauka a masauki ko makaranta mai nata waifai. A nan rautar tafiya take nuna amfaninta, domin ita kaɗai za ta shiga waifan masaukin, wayoyi da kwamfutar matafiyi su fake a bayanta, sauran baƙi ba sa ganinsu. Amma a nan ne kuma saitin gida ya fi ba da wahala. Adireshin da rautoci suke rabawa a cikin gida daga wani keɓaɓɓen rukuni suke, wanda aka ware tun 1994, kuma kusan kowa da 192.168.0 ko 192.168.1 yake farawa. In rautar masauki da ta baƙo suka yi karo a kan rukuni ɗaya, ta baƙon ba za ta iya bambance ƙofar titi da ta cikin gida ba, kamar masinjan da aka ba wasiƙa zuwa gida mai lamba biyar a garin da unguwa biyu suke da suna ɗaya. Waifai zai nuna ya kama, amma shafi ba zai buɗe ba. Don haka a saitin tafiya gara a ba fuskar ciki wata lamba da ba a saba da ita ba, alal misali 192.168.57.1. Haka kuma matatar nan ta yara tana iya hana bayyanar shafin da masauki yake neman lambar ɗaki a kansa, sai an kashe ta. Ladabi kuma ya nuna a tambayi masu masaukin ko sun yarda a raba waifansu.

Wani hatsari da yake bin kowace irin tafiya shi ne na saƙonni. Layin da yake cikin rauta yana karɓar saƙon tes kamar kowane layi, kuma a shafin mai gida ake karanta shi. Tun Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma mutane da yawa layin da suka sa a rauta shi ne wanda bankinsu yake turo wa lambobin tabbatarwa. Wanda ya ba abokan zama a mota ko a ɗakin kwanan ɗalibai kalmar sirrin waifai, alhali mabuɗin mai gida yana nan a admin, ya miƙa musu akwatin wasiƙunsa ke nan. Layin banki bai kamata ya shiga rauta ba ko kaɗan. Wanda za a sa kuwa a kulle shi da lambar PIN saboda sata, tare da sanin cewa kuskure uku yana rufe shi sai da lambar PUK, kuskure goma a kan PUK kuma yana kashe shi har abada.

Suna Ɗaya ko Biyu?

Masu sanin na'ura sun rabu a kan wannan. Wasu suna ganin a bar suna da kalmar sirri iri ɗaya a gida da hanya, domin waya suna da kalmar sirri kawai take dubawa, in sun dace sai ta shiga ba tare da an sake rubuta kome ba. Sauƙin a fili yake. Amma akwai abin da wannan ra'ayi ya tsallake.

Waya tana ɗaukar waifai a matsayin wurin yalwa. Ayyuka masu cin data, kamar sabunta manhajoji da kwashe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google da ajiyar hirarrakin WhatsApp, duk takan jinkirta su sai ta sami waifai. Kwamfuta mai Windows ta fi ta haɗama, domin sabuntawa guda tana iya cin gigabait da dama. Na'urorin ba su san cewa a bayan wannan waifai akwai ɗan layin da aka saya wa datar kwana biyu da sefa ba. Akwai wurin da ake gaya wa waya ko kwamfuta cewa waifai kaza na awo ne, a yi tsimi, amma da sunan waifai ake ɗaure wannan umurni. In sunan gida da na hanya ɗaya ne, ko dai a takura wa gida ko a yi ɓarna a hanya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, wannan ɓarna ta ƙara tsada.

Saboda haka suna biyu ya fi. Wahalarsa ta rana ɗaya ce, a shigar da kowace na'ura sunan tafiya sau guda, a yi masa alamar awo, shi ke nan. Har wa yau kalmar sirrin tafiya kalma ce da za a ba baƙi, kuma ba a son wanda aka haɗu da shi a tasha ya riƙe mabuɗin da yake buɗe na gida. Sunan tafiyar ma kada ya zama sunan mutum ko na garinsu, tun da duk wanda yake kusa yana ganinsa.

Yadda Ake Ajiyewa

A yawancin manyan rautoci, can cikin sashen kula da na'ura, akwai maɓallai biyu da aka rubuta wa Backup da Restore da Ingilishi. Na farko yana tattara saitin duka ya sauke shi a matsayin ɗan ƙaramin fayil, na biyu yana karɓar fayil ya mayar da rautar yadda take ranar da aka ajiye shi. Dabarar ita ce a fara ajiye na gida yadda yake, kafin a taɓa kome. Sa'an nan a zauna a tsanake a gina na tafiya, a gwada shi, a ajiye shi daban. Kowane fayil a sauya masa suna, a sa gida ko tafiya da kwanan wata, domin sunan da na'ura take ba su iri ɗaya ne.

Fayil ɗin yana da sharuɗɗa. Na farko, na rautar da ta haife shi ne, ba a loda shi a wani samfuri, kuma ko a rauta guda yana iya ƙin shiga in an sabunta manhajarta bayan ajiyewa. Na biyu, duk asirin rautar yana cikinsa. A manhajar OpenWrt, wadda masu sha'awa suka fara a 2004 bayan kamfanin Linksys ya saki asalin rubutun manhajar rautarsa WRT54G, kuma wadda rautocin tafiya da dama suke gudana a kanta, duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai karanta kalmar sirrin waifai ƙuru-ƙuru. Ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne, ko a bari a kwamfutar shagon gyara. Na uku kuwa shi ne wanda aka fi tuntuɓe a kansa: wasu sukan ajiye fayil ɗin a imel ko a ma'ajiyar intanet, su manta cewa ranar da za su buƙace shi ita ce ranar da ba su da intanet. Wurinsa cikin wayar kanta, wadda take da makulli, da kwafi a filashi a gida.

Ƙananan MiFi da yawa ba su da waɗannan maɓallai sam. Mai irin wannan ba shi da abin da ya fi takarda da biro, ko hoton kowane shafi na saitin. Abin ba shi da yawa: sunan mashiga, da halin romin, da zaɓen kamfani, da suna da kalmar sirri, da adireshin fuskar ciki. Ita OpenWrt kuwa tana da wata ƙarin manhaja mai suna travelmate, wadda take riƙe jerin waifan da aka taɓa sauka, ta kama duk wanda ta tarar a kusa.

Ranar Tafiya da Ranar Dawowa

A loda saitin tafiya tun a gida, daren da za a tashi, lokacin da in abu ya ƙi akwai halin gyara. A tabbata batir cike yake, ko rautar tana kan sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata saitin. Da an loda, rautar za ta mutu ta tashi, kuma a nan mutane sukan firgita, saboda sunan da suka sani ya ɓace, shafin mai gida ma ya daina buɗewa. Ba abin da ya lalace. Sabon suna za a nema, a shiga ta sabon adireshi, da mabuɗin da yake aiki ranar da aka ajiye fayil ɗin. Shi ya sa duk lokacin da aka sauya mabuɗi ko kalmar sirri ya wajaba a sake ajiye sabon fayil, in ba haka ba tsohon zai dawo da kalmar da yaran unguwa suka riga suka sani. In kome ya rikice, akwai ɗan ramin da ake danna wa tsinke na kimanin daƙiƙa goma, rautar ta koma yadda ta fito daga masana'anta, a shiga da abin da aka buga a jikinta, a loda fayil.

Saura tambayar da saiti ba ya amsawa, watau halin waɗanda aka bari. In rauta ɗaya ce a gida, ranar da mai gida ya sa ta a jaka, iyali da firinta da ɗan da yake cike takardar jarrabawa duk sun yanke. Ga mai tafiya sau biyu ko uku a shekara, ko maniyyacin da zai sa layin Saudiyya na 'yan makonni, fayiloli biyu sun wadatar. Amma falken da yake cin kasuwar Mai'aduwa kowane mako, ya kuma bi dabbobi ko hatsi zuwa ƙetare, gara ya bar babbar rauta a kan kabad da saitinta na gida, romin a kashe, kamfani a kulle, ya nemi ƙaramar MiFi buɗaɗɗiya ta zama ta hanya. Ko a haka ɗin ma zai ajiye fayil na babbar, saboda ranar da tsawa ko hauhawar wuta za ta taɓa ta, ko wani yaro ya sami tsinke.